Tsakanin Sauƙi da Warkewa: Dalilan da Ke Sa Masu Taɓin Hankali Barin Maganin Asibiti Tun Ba a Sallame Su Ba

1.0 Gabatarwa

Duk ma'aikacin lafiya da ya taɓa zama a sashen masu taɓin hankali ya san irin katin nan da akan buɗe wa mara lafiya, a rubuta zuwansa na farko da na biyu, daga nan sai shafin ya tsaya babu ko ɗigon tawada. Ba a sallame shi ba, ba a kuwa ji labarin rasuwarsa ba, ƙafa kawai ya ɗauke. Bayan wata shida ko shekara guda sai a ga an komo da shi, wani lokaci ma a ɗaure, ciwon ya fi na da tsanani. Abin da aka saba ji a irin wannan hali shi ne a ɗora laifin a kan jahilci da taurin kai.

Makasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa wannan hukunci bai wadatar ba. Barin magani shawara ce da akan yanke a cikin gida, bayan an auna riba da hasara gwargwadon fahimtar mutanen gidan. Babban tushenta kuwa shi ne saɓanin da ke tsakanin abin da asibiti ke nufi da magani da warkewa, da abin da Bahaushe ya sani game da waɗannan kalmomi biyu. Saboda haka batun ya shafi ɗalibin harshe da al'ada kamar yadda ya shafi likita.

2.0 Jinya a Cikin Jama'a

Abin da ake nufi da jinya a cikin jama'a shi ne mara lafiya ya zauna a gidansu tare da danginsa, ya riƙa zuwa asibiti ko ɗakin shan magani a ranakun da aka yanka masa, maimakon a tsare shi a bayan katanga. A zamanin mulkin Turawa tsarewa ce hanyar hukuma. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta cikin 1958, ta fi mai da hankali ga killace mai ciwo bisa ga yi masa magani, kuma ita ce ta ci gaba da aiki har zuwa watan Janairu na 2023, lokacin da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya.

Amma tun cikin 1954 wani likita ɗan Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya fito da wata hanya dabam a Aro, kusa da Abeokuta. Ya sa aka riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowanne tare da wani ɗan'uwansa mai kula da shi. Da rana su je karɓar magani, da yamma su koma masauki. Wannan tsari ya yi suna a duniya, Lambo kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙarfafa ra'ayin kai kiwon lafiya kusa da jama'a, sa'an nan cikin 1991 Nijeriya ta shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko. Cikin 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane waɗannan cututtuka da yi musu magani.

Wannan hanya tana da sharaɗi guda wanda tsarewa ba ta da shi. Wanda aka kulle ba ya barin magani, domin ba shi da ƙofar fita. Wanda yake gida kuwa, sai ya yarda, danginsa sun yarda, kafin ya koma. Watau dai jinyar cikin jama'a gaba ɗayanta a kan dawowa ta dogara.

3.0 Girman Matsalar

Matsalar ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. Wani babban bincike da aka gudanar a ƙasashe 24 a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka buga sakamakonsa cikin 2013, ya nuna cewa kimanin kashi 32 cikin ɗari na masu zuwa karɓar irin wannan magani daga gida sukan bari tun ba a gama ba. A ƙasashe masu arziki adadin ya kai kashi 26, a ƙasashe matalauta kuwa ya kusa kashi 38. Abin lura a nan shi ne yawancin masu barin sukan bari ne tun da wuri, musamman bayan zuwa na biyu.

A ƙasar Hausa kuma, wani bincike da aka yi a ƙauyen Karfi na Jihar Kano, aka buga cikin 2004, ya tambayi manya 250 ra'ayinsu game da taɓin hankali. Kimanin kashi 34 cikin ɗari na amsoshin sun danganta ciwon ga shaye-shaye, kashi 19 ga hukuncin Allah, kashi 18 kuma ga sihiri ko iskoki. Da aka zo batun magani, kashi 46 sun zaɓi asibiti, kashi 34 suka zaɓi hanyar addu'a da roƙo. Wannan ya nuna cewa jama'a da dama ba su ƙi asibiti ba. Ashe ke nan ba shiga ce kaɗai ke da wuya ba, zama shi ne aikin.

4.0 Dalilan Barin Magani

4.1 Sauƙi da Warkewa

A tunanin Bahaushe magani abu ne mai farko da ƙarshe. Mai magani kan ce a sha saiwa kaza kwana uku ko kwana bakwai. Rubutun sha yana da adadi. Girka, a wurin masu bori, tana da ranar farawa da ranar gamawa. Maganin asibitin da aka fi sabawa da shi ma haka yake: na zazzaɓin cizon sauro kwana uku ne, in jiki ya yi sanyi an gama. Saboda haka idan mai sambatu ya daina sambatu, ya yi barci, ya ci abinci, ya koma gona ko kasuwa, mutanen gida ba su ga dalilin ci gaba da ba shi ƙwaya ba. A ganinsu mai lafiya ba ya shan magani.

A wurin likita kuwa wannan sauƙi ne kawai. Mai ciwon damuwa akan so ya ci gaba da shan magani aƙalla wata 6 bayan ya ji daɗin jikinsa. Mai ciwon nan da ke sa jin muryoyi da zargin mutane kuwa akan so ya kai kimanin shekara guda, wani ma shekaru da yawa. Dalili shi ne maganin yana danne ciwon ne, in an ɗaga shi da wuri ciwon na iya tasowa. Wani bincike da aka buga a Amurka cikin 1999 ya bi sawun masu irin wannan ciwo bayan tashinsa na farko, ya tarar kimanin kashi 82 cikin ɗari ciwon ya sake tasar musu cikin shekara biyar, kuma haɗarin ya ninka kusan sau biyar ga waɗanda suka daina shan magani.

Akwai kuma wani ra'ayi kishiyar wannan, wanda shi ma yake kai ga barin magani. Akan ji ana cewa hauka ba ya warkewa, sai dai rangwame, ko a ce hauka maganinka Allah. Wanda ya riƙe wannan, in ya ga an yi wata uku ana sayen ƙwaya, sai ya ce asara ake yi. Ke nan mai cewa an warke da mai cewa ba a warkewa, duk a ƙofa ɗaya suke fita.

4.2 Jinkirin Aiki da Wahalar Magani

Yawancin magungunan damuwa ba sa nuna amfaninsu sai bayan mako biyu zuwa huɗu, amma wahalarsu, kamar bushewar baki da jiri da tashin zuciya, tun kwanakin farko take bayyana. Mutum ya sha magani kwana goma bai ga komai ba sai ƙarin wahala, me zai sa ya koma? Wannan na daga cikin abubuwan da ke sa a ɗauke ƙafa bayan zuwa na farko ko na biyu.

Tsofaffin magungunan taɓin hankali, irin su Largactil da aka fara amfani da shi a Faransa cikin 1952, su ne masu araha, su ne kuma aka fi samu a ƙananan asibitoci. Suna aiki, amma sukan sa yawan barci, da sandarewar jiki, da rawar hannu, da dalalar miyau. Wasu daga cikin sababbin kuma ƙiba suke sawa. Manomi ko direba ko tela da ke ciyar da iyali ba zai iya wuni yana gyangyaɗi ba. Bugu da ƙari, waɗannan alamu a fili suke, kowa ya gan shi a masallaci ko a majalisa ya san maganin da yake sha. Akwai kuma raunin mazakuta ga maza da rikicewar al'ada ga mata, abubuwan da kunya ba ta barin a faɗa wa likita. Sai a yi shiru, a ajiye ƙwayar. Alhali kuwa da an faɗa, ana iya rage yawan maganin ko a sake wani.

4.3 Mai Yanke Shawara

Takardun asibiti da mutum ɗaya suke magana, watau mai sunan da ke bisa kati. A gidan Bahaushe kuwa ba safai mara lafiya ke yanke wa kansa shawara ba, balle wanda ake ganin hankalinsa ya taɓu. Matar aure sai da iznin mijinta za ta fita. Saurayi yana ƙarƙashin mahaifinsa ko yayansa. Sau da yawa wanda ya raka mara lafiya asibiti, ya ji bayanin likita da kunnensa, ba shi ne mai ba da kuɗi ba, ba kuwa shi ne mai faɗa a ji ba. A ɗauki misalin yarinyar da yayarta ta kai ta asibiti, aka yi musu bayani, suka gamsu. Da suka koma gida kakarsu ta ce wannan ciwo ba na asibiti ba ne, na iska ne, kuma allura ɓata shi take yi, kamar yadda ake faɗa game da ciwon shawara. Maganar kaka ita za a bi, domin likita bai taɓa ganinta ba, balle ya shawo kanta.

4.4 Kuɗi, Nisa da Yanayin Shekara

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. Ciwon da ke bukatar magani kowane wata har shekara nauyi ne babba ga talaka, ga shi kuma sau da yawa mara lafiyar shi ne mai nemowa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Arewa, irin su na Kaduna da Maiduguri da Kware da Dawanau, suna da nisa da yawancin ƙauyuka, kuma kuɗin mota na mutum biyu ne, tun da ba a barin mara lafiya ya tafi shi kaɗai. Likitocin wannan fanni kuwa, bisa ƙididdigar da aka riƙa bayarwa a farkon shekarun 2020, ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. In an je sai a wuni a layi, a ga likita na ɗan lokaci kaɗan, wata rana ma a tarar babu maganin.

Shekarar Bahaushe ma tana da nata hukunci. Da damina ba a barin gona saboda ranar asibiti, ga rumbu ya yi ƙasa, ga hanya ta lalace. Da rani samari sukan tafi ci-rani, katinsu yana gida. Da azumi wasu kan bar ƙwayar rana ba tare da sun nemi a mayar musu da ita lokacin sahur da buɗa-baki ba. Mai ciki da mai shayarwa kuma sukan daina sha don tsoron abin da zai sami ɗa.

4.5 Tsoron Suna

Kalmar mahaukaci ba ta tsaya ga bayyana ciwo ba, suna ne da ke bin mutum har bayan ya sami lafiya, ya bi 'ya'yansa da ƙannensa. Idan aka zo binciken aure, hauka na cikin abubuwan da akan tambaya ko akwai su a dangi. Saboda haka uwar da ke da 'yan mata a gabanta tana da dalili mai ƙarfi na gudun a riƙa ganin ɗanta a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa kowane wata. A nan kusancin da ake yabon jinyar cikin jama'a da shi yakan zama aibi, domin a ƙaramin asibitin gari mai ba da kati maƙwabci ne, kuma kowa ya san ranar da ake ganin masu irin wannan ciwo. Ciwon iska kuwa ba shi da wannan tabo sosai, domin daga waje ya zo, kuma ana sa ran in an rabu da shi an rabu ke nan. Ba abin mamaki ba ne iyali su zaɓi sunan da ya fi rufa musu asiri, su bi maganin da ya dace da sunan.

4.6 Harshe a Ɗakin Likita

A nan ne ɗalibin Hausa ya fi kowa abin cewa. In aka gai da Bahaushe mara lafiya aka ce, "Yaya jiki?" amsar da ladabi ya tanada ita ce, "Da sauƙi," ko da kuwa yana cikin tsananin ciwo. Gaisuwa ce, ba bayanin halin jiki ba. Ma'aikacin da ya rubuta wannan amsa a matsayin shaidar maganin yana aiki ya yi kuskure. Haka nan kalmar "to" da mara lafiya ke maimaitawa yayin da ake yi masa bayani ba ta nufin ya yarda. Tana nufin ya ji, kuma kara ba ta barinsa ya musa wa babba a gaban idonsa. Rashin yardarsa sai a ranar da bai dawo ba za a gan shi.

Sa'an nan akwai ƙarancin kalmomi. Asibiti ya rarrabe cututtuka iri iri, amma in aka zo faɗa da Hausa sai a tara su a ƙarƙashin hauka ko taɓin hankali. Matar da ke fama da baƙin ciki bayan haihuwa, da ta zo da kukan ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci, in ta ji an tura ta sashen mahaukata, ta tafi ke nan. In likita ba ya jin Hausa kuwa, sai an nemi tafinta, sau da yawa ɗan'uwa ko wani ma'aikaci da ke wucewa, mara lafiya kuma ba zai buɗe cikinsa a gaban kowa ba.

4.7 Malam, Boka da Asibiti

Ba a cika zuwa asibiti da fari ba, kuma zuwa asibiti ba ya hana zuwa wurin malam ko mai maganin gargajiya. Mai ciwo mai nema ne, duk inda aka ce akwai sauƙi zai je. Rikici yakan taso ne idan ɓangare ɗaya ya ce sai a bar ɗayan. Wani mai magani kan hana haɗa nasa da ƙwayar asibiti, wani ma'aikacin lafiya kuma kan yi wa iyali faɗa don sun je ruƙiyya. Wanda aka tilasta wa zaɓi tsakanin abin da ya yi imani da shi da ƙwayar da ke sa shi barci, an san abin da zai zaɓa.

5.0 Abin da Ke Biyo Baya

Lalle ba duk wanda ya bar magani ne ciwonsa ke dawowa ba, musamman masu ƙaramar damuwa. Amma ga masu ciwo mai tsanani sakamakon yana da nauyi: aiki ya tafi, aure ya mutu, karatu ya tsaya, wani ma ya kai ga halaka kansa. Iyalin da suka gaji kuma sukan koma ga ɗauri. Cikin 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake sa wa masu taɓin hankali mari da sarƙa a wurare dabam dabam a Nijeriya. Wani abin baƙin ciki kuma shi ne, duk dawowar ciwo tana ƙara tabbatar wa jama'a cewa maganin asibiti ba ya aiki, alhali barinsa aka yi.

6.0 Hanyoyin Gyara

Tun da yawancin masu bari a farkon jinya suke bari, zama na farko shi ne ya fi kowanne muhimmanci. A nan ya kamata a faɗa wa iyali, da Hausar da za su gane, yaushe maganin zai fara aiki, wace wahala zai kawo, kuma har yaushe za a sha. Jama'a sun riga sun san hawan jini da ciwon suga, sun kuma yarda cewa masu su kan daɗe suna shan magani ba tare da an ce sun kasa warkewa ba. Ma'aikaci na iya cewa da uban yaro, "Baba, ciwon nan kamar hawan jini yake. Za ku ga sauƙi in Allah ya so, amma ranar da kuka ga sauƙin ba ita ce ranar daina sha ba. In maganin ya dame shi, ku dawo a sake masa wani." Kuma wajibi ne a nemi ganin mai faɗa a ji na gidan, ba ɗan rakiya kaɗai ba. Wannan shi ne darasin Aro: ba a raba mara lafiya da danginsa.

Na biyu, a rage wahalar zuwa. Akwai allurar da ake yi sau ɗaya cikin mako biyu zuwa huɗu maimakon ƙwayar kullum. Ana iya ajiye magani a ɗakin shan magani na kusa, a haɗa ranar zuwa da ranar kasuwa, a duba masu wannan ciwo tare da sauran marasa lafiya don kada a ware su, a kuma bi sawun wanda bai zo ba ta waya ko ta aike.

Na uku, a yi aiki tare da waɗanda jama'a suka riga suka amince da su. Wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, aka buga cikin 2020, ya haɗa masu maganin gargajiya da masu addu'a da ma'aikatan lafiya matakin farko, aka tarar marasa lafiyar da aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi bayan wata shida. A Zimbabwe kuma an koya wa tsofaffin mata sauraron masu damuwa a bisa benci a harabar asibiti, suna kiran ciwon da sunan da Shonawa suka san shi da shi, watau yawan tunani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7.0 Kammalawa

An ga cewa mai barin magani yana da dalilansa: ya ji sauƙi ya ɗauka warkewa ce, ko maganin ya wahalar da shi, ko mai iko da shi bai gamsu ba, ko kuɗi sun ƙare, ko yana gudun sunan da zai bi zuriyarsa. Kuɗi da likitoci da magunguna aikin hukuma ne. Amma rabin waɗannan dalilai a kan magana suke, kuma nan ne sashen Hausa yake da rawar takawa. Ana bukatar a tattara kalmomin da Hausawa ke bayyana damuwarsu da su a Kano da Sakkwato da Damagaram, a daidaita sunayen cututtuka waɗanda ba su da zafin kalmar hauka, a kuma rubuta bayanin magunguna da boko da ajami yadda mutumin ƙauye zai karanta ko a karanta masa. Matuƙar likita yana cewa sauƙi, iyali suna jin warkewa, katunan nan za su ci gaba da tsayawa a zuwa na biyu.